Kafin zanenka ya bar ɗakin aiki

Ƙannena masu zane, ku da kuka fara samun gayyatar baje koli ko kuke nemanta, akwai aikin da ba a koya mana ba lokacin da muke koyon haɗa launi. Shi ne aikin takarda da kyamara da ma'auni. Na raina shi a farkon sana'ata, kuma duk asarar da na yi ta nan ta shigo.

Zanukan da na yi a shekarun farko, waɗanda har yau nake ganin sun fi ƙarfi, ba ni da hoton kirki na ko ɗaya. Na sayar, masu saye suka yi gaba da abinsu. Da na tashi neman shiga wani babban baje koli, abin da ke hannuna hotunan waya ne da na ɗauka da dare, hasken ƙwan lantarki ya mai da shuɗi kore, gefe ɗaya ya karkace. Masu zaɓe ba zanenka ke gabansu ba, hotonsa suke kallo a allon kwamfuta cikin tarin na wasu. Don haka ka ɗauki hoto kafin a sa gilashi, da hasken rana a inuwa, ba filasha, kyamara tana fuskantar tsakiyar zanen sak. Idan za a buga a kundi, masu ɗab'i ɗigo 300 a kowane inci suke nema. A ranar kuma ka rubuta sunan aikin, shekara, kayan da ka yi amfani da su, da girmansa, tsawo kafin faɗi. In an saya, ka ƙara sunan wanda ya saya.

Inda na fi shan wuya shi ne yarjejeniya. Na taɓa kai ayyuka wani gidan baje koli, muka yi musabaha da mai gidan, na fito ba ko guntun takarda a hannuna, don ina jin kunyar a ce ban yarda da shi ba. Bayan an tashi, zane ɗaya ya dawo da tsaga a kusurwa, biyu an sayar da su ƙasa da abin da muka faɗa da baki, kuɗin kuma sai da na gaji da bibiya. Mutumin bai yi niyyar cuta ba, abin da ya tuna daban, abin da na tuna daban, kuma babu shaidar da za ta raba mu.

Yanzu ba na sakin aiki sai an rubuta komai, mun sa hannu mu biyu. Takardar ta lissafa kowane zane da farashinsa da halin da yake ciki ranar da aka karɓa. Ta faɗi kamasho. Gidajen baje koli na kasuwanci galibi rabin kuɗin suke ɗauka, kuma kada wannan ya firgita ka, su ne ke biyan haya da ma'aikata da talla, su ne suka san masu saye. Ta faɗi wa zai biya firam da sufuri, wa zai ɗauki nauyi idan aiki ya lalace ko ya ɓata, ko akwai inshora. Ta faɗi iyakar rangwamen da za su iya yi ba tare da sun kira ka ba, da kwana nawa bayan ciniki kuɗinka zai iso, da ranar da abin da bai saidu ba zai dawo. A rubuta ƙarara cewa aikin naka ne har sai an saye shi. Kuma ka sani, sayar da zane bai sayar da haƙƙin mallakarsa ba. A ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Berne ta 1886, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, wanda ya sayi zanenka ba shi da ikon buga shi a riga ko kalanda ya sayar sai da izininka. Dillalin da ya ɓata rai don ka nemi takarda ya gaya maka halinsa tun ba a je ko'ina ba.

Akwai kuma laifin da nawa ne ni kaɗai. Wani ya ga aikina a baje koli, ya biyo ni ɗakin aiki, na sayar masa da irinsa a rabin kuɗi, ina ganin ai babu kamasho. Labari ya koma gidan, ba su sake kirana ba, kuma gaskiyarsu ce, na zubar musu da mutunci a gaban duk wanda ya biya cikakken farashi. Farashinka ya zama ɗaya a ko'ina. Ka fara da shi daidai ƙarfinka, yana hawa a hankali, domin saukar da shi daga baya yana ƙona waɗanda suka yarda da kai tun farko.

Wajen zaɓen abin da za a rataya, ka rage. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: zane mai rauni guda ɗaya yana jan na kusa da shi ƙasa, kuma bango mai fili yana barin ido ya huta. Gidajen tarihi da yawa suna sa tsakiyar zane kusan santimita 145 daga ƙasa, daidai idon mai kallo. Zanen da aka yi a kan takarda da na fentin ruwa ba sa son haske mai ƙarfi, launinsu koɗewa yake, don haka kada ka bari a sa su inda rana ke bugawa.

Fentin mai kuwa yana yaudara. Sama ya bushe, ciki ɗanye, shi ya sa ake jira wata shida ko fiye kafin a shafa man ƙyalli na ƙarshe. Na taɓa naɗe sabon zane da ledar nan mai ƙurajen iska, kai tsaye a fuskarsa. Da aka kwance, sawun ƙurajen ya zauna a fentin layi-layi, bai gyaru ba. Ka kare kusurwoyi da kwali, kada komai ya taɓa fuskar zanen, ƙurajen ledar su kalli waje, a tsayar da shi, kada a kwantar a ɗora kaya a kai.

Sai ɗan bayanin da ake nema ka rubuta a kan aikinka. Ka bar manyan kalmomin da ka tsinta a kundin wasu. Faɗi abin da kake zanawa, da me, da abin da ya kai ka gare shi, cikin sakin layi ɗaya ko biyu. Ka karanta wa wanda bai san zane ba, inda ya tsaya yana tambaya nan ne za ka gyara. Maganar nan ita za ka maimaita da baki ranar buɗewa, kana tsaye kusa da aikinka, ba a lungu cikin abokai ba. Duk wanda ya tsaya ya yi tambaya, ka nemi izinin rubuta sunansa da hanyar samunsa, ka aika masa gayyata idan na gaba ya zo.