Abin da takardar amincewa ba ta faɗa

A aikin binciken cutar ƙanjamau, karɓar sa hannun mutum a kan takardar amincewa shi ne mafi sauƙi. Zai dangwala yatsa, a saka takardar cikin fayil, amma idan ka tambaye shi me ya kawo shi, sau da yawa sai ya ce magani ya zo karɓa. Bai san cewa mai yiwuwa ƙwayar da za a ba shi babu sinadarin magani a cikinta ba, an yi ta ne don a gwada ta da ta ainihi. Shi ya sa nake roƙon kowa ya maimaita mini bayanin da bakinsa kafin in miƙa masa biro. Wanda ya yi shiru yana kallon ƙasa, na san akwai sauran aiki a gabana.

Rigima kan ba wa mutane ƙwayar da ba ta da magani a gwaji ta daɗe. A 1994 wani gwaji a Amurka da Faransa ya nuna maganin AZT na rage yaɗuwar cutar daga uwa zuwa jariri da kusan kashi biyu cikin uku. Bayan haka aka ci gaba da gwaje-gwaje a Afirka da Tailan, ana ba wasu masu juna biyu ƙwayar da ba ta da magani. A 1997 wasu likitoci biyu a Amurka, Peter Lurie da Sidney Wolfe, suka fito suka ce wannan ba daidai ba ne. Masu kare gwajin suka ce tsarin shan AZT da ake bi a Amurka ya fi ƙarfin aljihun ƙasashen, gajeren tsari mai araha ake nema. Hujjarsu na da nauyi, kuma an samo gajeren tsarin. Duk da haka, har yau zuciyata na tare da matar da aka san abin da zai kare ɗanta, aka hana ta.

Darasin da ya fi zauna mini daga Kambodiya ya zo. A 2004 aka shirya gwada maganin tenofobir a matsayin rigakafi a tsakanin mata masu zaman kansu. Tambayarsu ita ce: idan muka kamu, ko maganin ya yi mana illa, wa zai kula da mu bayan kun tattara kun tafi? Ba su sami amsar da ta gamsar da su ba, gwamnati ta dakatar da gwajin. Shekara guda bayan nan irin haka ta faru a Kamaru. Sai a 2007 UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau, da AVAC, ƙungiyar masu fafutukar rigakafin cutar, suka fitar da ƙa'idojin shigar da al'umma cikin tsara bincike tun daga tushe.

Yanzu idan aka kawo mini tsarin sabon bincike, shafin kasafin kuɗi nake fara buɗewa, in duba ko an ware wa waɗanda suka kamu magani bayan an rufe gwajin. Idan babu, nakan mayar da shi da wannan tambayar a rubuce.