Juya haruffa kawai, alamomi su tsaya a inda suke

Akwai wata 'yar matsala da nake son jarraba masu koyon rubuta manhaja da ita. A ba ka jerin rubutu, ka juya haruffan ciki daga ƙarshe zuwa farko, amma lambobi da alamomi kada su gusa. Misali, "ab-cd=e!" ya koma "ed-cb=a!".

Yawanci sukan tsince haruffan gefe guda, su juya su, sannan su mayar da su gurbi-gurbi. Yana aiki, ban ƙi ba. Ni dai na fi son hanyar manuni biyu, wato masu nuna gurbin da ake kai a cikin rubutun: ɗaya a farkon rubutun, ɗaya a ƙarshe. Na hagu ya yi ta matsowa har ya taka harafi, na dama shi ma haka. In duka biyun sun tsaya kan harafi, a musanya su, kowanne ya ƙara taku ɗaya. Da sun haɗu a tsakiya, aiki ya ƙare, ba wurin da aka bi sau biyu.

A yaren rubuta manhaja na Python ba a canja rubutu kai tsaye, sai ka mai da shi list (jerin abubuwa ɗaya-ɗaya) tukuna, ka sake haɗa shi da umarnin join daga baya.

Inda nake sa ido sosai shi ne yadda aka gane harafi. Wanda ya duba a zuwa z kaɗai, manhajarsa za ta ɗauki ƙ, ɗ ko é a matsayin alama, ta bar su nan. Shi kuwa isalpha, umarnin Python 3 mai duba ko abu harafi ne, yana bin Unicode, tsarin da ya tattara haruffan harsunan duniya, don haka ya san su duka.