Saƙonnin 13 ga Fabrairu a shagon Baba

Jiya bayan la'asar na zauna a shagon ɗinkin Baba a nan Garwa, ina karanta masa saƙonnin taya Shugaban Kamaru Paul Biya murnar zagayowar ranar haihuwarsa. An haifi Biya 13 ga Fabrairu 1933 a Mvomeka'a. Jakadu, ministoci, manyan jam'iyyarsa ta RDPC, kowa da irin lafazinsa: tsawon rai, lafiya, ɗorewar zumunci. Ina fassara masa daga Faransanci, shi kuwa yana taka keke, allura a bakinsa.

Can sai ya tsaya, ya cire tabarau ya ce, "Na Ahmadu Ahijo fa? Wa ke tunawa da 24 ga Agusta?"

Wallahi jikina ya yi sanyi. Ahijo ɗan garin nan ne, an haife shi 24 ga Agusta 1924, ya riƙe ƙasar daga 1960 har ya miƙa mulki a 1982. Ya rasu a Dakar 1989, har yau can kabarinsa yake.

Na ce, "Baba, mu yi masa addu'a." Ya ajiye rigar, muka ɗaga hannu. Allah Ya jiƙansa da rahama.