Daga Katsina zuwa Madina: awa huɗun da ba ta ƙare ba

Tsakanin filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina da na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina akwai kimanin kilomita 3,600 idan an miƙe sak, kuma babban jirgin fasinja yakan ci kusan kilomita 850 a awa guda. Duk wanda ya yi lissafi zai samu awa huɗu da ɗoriya, haka ma alhazan unguwarmu da suka riga mu sauke farali suka tabbatar mini. A kan wannan na ɗora dukan shirin da na yi wa mahaifina, mai fama da ciwon sukari, lokacin da muka tashi aikin Hajjin 2023.

Sai dai miƙaƙƙiyar hanyar takan ratsa Nijar da Chadi, sannan ta bi ta saman Sudan kafin ta tsallaka Bahar Maliya. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta, dole jirage suka riƙa kewaye ƙasar baki ɗaya. Labarin yaƙin kullum muna jin sa a rediyo, amma a duk taron bitar da na halarta hankalina bai taɓa kaiwa ga cewa zai shafi lokacin shan maganin Baba ba. Ya sha ƙwayarsa kafin mu shiga jirgi, sauran maganin kuwa da na'urar gwajin sukari suna cikin babbar jaka, wadda aka auna aka tura ƙasan jirgi, tunda a ganina kafin lokacin sha na gaba ya yi mun sauka.

Awa huɗu ta cika, ta biyar ta shige, babu alamar sauka. Leɓunan Baba suka bushe, yana shan ruwa yana neman ƙari, yana ta zirga-zirga zuwa bayi yana dafa kujerun mutane. Can ya dube ni ya ce, "Kai, ba awa huɗu ka ce mini ba?" Na ce, "Haka na ce, Baba." Mun haura awa shida a sama, kuma ko da muka sauka jakar ba ta zo hannu ba sai bayan dogon layin duba fasfo. Ga shi agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu, har na rasa wane lokaci zan bi wajen ba shi maganin.

Allah ya kiyaye, Baba ya warware bayan ya huta, amma har yau idan na ji wani yana gaya wa maniyyaci cewa tafiyar awa huɗu ce kacal, raina yakan sosu. Mai rakiyar dattijo ya tambayi ta inda jirgin zai bi a bana, kada ya dogara da labarin waɗanda suka je a shekarun baya. Ya fara ƙirga tun daga zaman jira a sansanin alhazai har zuwa isa masauki. Magani da na'urar gwaji su kasance a ƙaramar jakar hannu, sannan ya bar agogo ɗaya a kan lokacin Najeriya har sai likitan tawaga ya daidaita masa lokutan shan maganin.