Kuɗin adashinta da na karɓe

Ƙannena masu shirin aure da ku sabbin angwaye, ku zo ku ji abin da na yi da hannuna, don har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ni mutumin Argungu ne, noman shinkafa muka gada a fadama. Lokacin da na yi aure abu ɗaya ne a kaina, ni ne maigida, in na yanke magana ta yanku. Ayar nan ta 34 a Suratun Nisa'i, arrijalu ƙawwamuna, wato maza ne masu tsayuwa a kan mata, kullum tana bakina amma farkonta kawai nake ja, ban taɓa tsayawa a inda aka ce saboda abin da suka ciyar daga dukiyoyinsu ba. Dukiyarsu fa aka ce, ba ta matar ba.

Daminar 2020 matata ta kwashi adashi, kuɗin gumi ne, tun asuba tana gaban tukunya tana turara shinkafa ta shanya ta kai inji, wata da watanni tana zubi. Na ce ta kawo zan ƙara gona, ban ma ce aro ba. Ta ce Malam a raba biyu mana, rabi a yi gero a tudu, kar a zuba duka a bakin gulbi. Na ce yaushe mace ta fara koya wa namiji noma. A gaban ƙanwata na faɗa mata haka wallahi.

Duk ɗan Kebbi ya san ambaliyar waccan shekarar, ko buhu ɗaya ban ɗauka ba. To amma ba asarar ce ta fi ci na ba, shirun da ya biyo baya ne. Ba ta yi mini gori ba, ba ta yi yaji ba, sai dai duk abin da na kawo mata, makarantar yara ce ko sayar da akuya, amsa ɗaya ce, duk yadda ka gani Malam. Ga ni da mata a gida amma ba ni da abokin shawara, kuma ni na jawo.

Kawuna ne ya zaunar da ni ya tuna mini Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, da sahabbai suka kasa tashi su yanka hadaya don baƙin ciki, Ummu Salama ce ta ce wa Annabi (SAW) ya fita ya yanka nasa ya yi aski kar ya ce da kowa komai, ya bi, kowa ya tashi. Ya ce ɗana, kai wa ka fi?

Don haka in ta kawo shawara ka saurara har ta kai aya, in ba za ka bi ba ka gaya mata dalili, kuma kada ka gwale ta a gaban danginka. Kuɗinta kuwa sai ta ba ka da daɗin rai, in aro ne a kira shi aro a sa rana.

Ni sai da na yi kaka uku kafin na gama biyanta. Bara da zan sayi injin ban ruwa na tambaye ta, ta daɗe tana kallona sannan ta ce a jira bayan sallah, na jira.