Ranar da gyaɗa ta koya min haƙuri a tiyata

Ni nas ce, ɓangaren sa barci nake aiki a nan Gombe, kuma wallahi har yau in na tuna yaron nan gabana faɗuwa yake. Ɗan shekara 2 ne, kilo 12, daga wajen Dukku aka kawo shi gyaɗa ta shige masa hanyar numfashi, lokacin kaka kam irin wannan ba ya yanke mana. Aka sa shi barci, aka ba shi rocuronium don naman jikinsa ya saki kar ya motsa ana zura ƙarfen hange a maƙogwaro.

To matsalar, aikin bai jima ba likita ya fito da gyaɗar, maganin kuwa yana nan daram a jikin yaro. Ni kuma ga sauri, akwai wasu a layi, na ja neostigmine, maganin da ke warware sakin jikin, miligiram 0.6 daidai da nauyinsa na haɗa da atropine saboda kar bugun zuciya ya sauka, na tura. Da na ga ya ɗan motsa hannu sai na ce ai ya dawo, aka cire masa bututun numfashi. Kafin ka ce kwabo sai ga shi yana fizge-fizge kamar kifin da aka fito da shi daga ruwa, ƙirji ba ya tashi sosai, oksijin na sauka. Babban likitanmu ya ce "Sista kama mask ɗin nan da kyau", muka yi ta matsa masa iska har ƙarfinsa ya dawo, Allah Ya kiyaye.

Daga baya ne ya zaunar da ni. Ya ce neostigmine ba ya tada jikin da ya saki sosai ko ka ƙara, sai jikin ya fara dawowa da kansa. Sugammadex ne ke kama rocuronium kai tsaye, miligiram 4 a kowane kilo in sakin ya yi zurfi, amma tsada gare shi, ba kullum muke samu ba, kuma ba ya aiki a kan atracurium, wani maganin sakin jikin daban.

Yanzu kam ba na yarda da motsin hannu. Ƙaramin yaro ba za ka ce masa ɗaga kai ba, don haka na'urar jijiya nake manna masa a wuyan hannu in ƙirga motsi huɗun da yatsansa ke yi in ta zunguri jijiyar tukuna, in ba ta kusa sai na ga yana ɗaga ƙafafu da ƙarfi yana numfashi da kansa. Masu jira a layi su jira.