Likitan matuƙa jirgi: kwas ɗin da ba a cika maganarsa ba

Da zarar likita ya gama makaranta sai a fara tambayarsa, tiyata za ka ko ɓangaren yara ko na mata? Da wuya ka ji wani ya ce likitancin jirgin sama zai karanta, alhali fanni ne mai zaman kansa, ana yi masa difiloma da digiri na biyu har da horon ƙwarewa na shekaru.

A asibiti mara lafiya ake kawo mana. A nan kuwa mutum ne lafiyarsa lau, amma an ɗaga shi an kai shi inda jikin ɗan Adam bai saba ba. Jirgin fasinja yana iya tafiya a tsayin ƙafa 35,000, sai a matsa iskar cikinsa ta koma kamar ta ƙafa 6,000 zuwa 8,000, kuma ko a hakan iskar da ke cikin kunne da hanji tana kumbura da kusan kashi 30 cikin 100, shi ya sa wanda bai daɗe da yin tiyata ba ko mai sikila ko mai ciwon huhu sai an duba shi da kyau kafin ya hau. In kuwa matsin nan ya zube a can sama, daƙiƙa 30 zuwa 60 ne kawai matuƙi yake da su kafin tunaninsa ya rikice. Abin tsoron ma shi ne ƙarancin oksijin ba ya zafi, mutum ji yake yi daram yake. A wurin horo akan sa ɗalibai a wani ɗaki da ake rage wa iska, a ce su cire abin shaƙa su yi ɗan lissafi, sai ka ga rubutu ya fara karkacewa, farce ya yi shuɗi, mutum yana murmushi bai san ya tafi ba. Ƙarancin oksijin ɗin nan ne ya ci jirgin kamfanin Helios a Girka a 2005, mutum 121 suka rasu.

Wuraren karatun ba su da yawa. King's College a Landan suna da kwas na kusan wata shida mai kai wa ga difiloma, Jami'ar Otago a New Zealand tana koyarwa daga nesa ga wanda ba zai iya barin aiki ba, akwai Galveston a Amurka, akwai Bangalore a Indiya. Gajerun kwasa-kwasai na zama mai duba lafiyar matuƙa su ma suna nan, amma dai ba su kai difiloma zurfi ba.

Ni dai abin da ya fi tsaya min a rai ba lissafin iska ba ne, amana ce. A tsarin ICAO, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, matuƙin jirgin haya yana buƙatar takardar lafiya aji na 1, mai jirgin kansa aji na 2, masu ba jirage hanya aji na 3, kuma sa hannun likita ne ke sabunta ta. To ka ga mutumin da ke zaune gabanka abincinsa yana bakin bironka, ta yaya zai ce maka ba ya samun barci, ko damuwa ta yi masa yawa? Ɓoyewa zai yi. A 2015 mataimakin matuƙin wani jirgin kamfanin Germanwings ya ɓoye wa kamfaninsa takardar likita da ta ce kada ya yi aiki, ya kifar da jirgi a tsaunukan Faransa da mutum 150. Bayan nan ne Turai ta wajabta wa kamfanoni shirin tallafa wa matuƙa.

Don haka ɗan'uwa in za ka shiga fannin nan, kar ka shiga da niyyar kama masu laifi. Mai hawan jini in an daidaita shi yana komawa tuƙi, wasu ƙasashen ma har mai ciwon suga da ke allurar insulin suna bari bisa sharuɗɗa, kuma likitan da ya yi karatun sosai ne yake sanin hanyar da zai bi ya mayar da shi bakin aiki.